Rigar buhun da Inna ta ɗinka wa konsol

Konsol ɗina ta zo Agadas a kan cinyata. Tun daga Yamai har gida ban yarda an sa ta cikin kayan ƙasan mota ba. Na naɗe ta da zane, na saka cikin jaka, na rungume, duk ramin da muka faɗa tsakanin Tawa da Abalak sai in ɗaga ta sama kaɗan don kada ta ji girgiza. Na'urar wasa ce da ake haɗawa da tele, a zura mata faifai, a riƙe manet da hannu biyu ana buga ƙwallo ko tseren mota. Ba sabuwa ba ce. Wani abokin ɗakina a jami'a ne ya sayar mini da zai tafi, kuma ita ce abu mafi daraja da na mallaka a shekarar da na gama digirin lisans na dawo gida ina jiran a tura ni aiki.

Gidanmu a unguwar Dagmanet yake. Inna ce babba, sai Yayata da ƴaƴanta uku, domin mijinta direba ne a hanyar Dirku, yakan daɗe bai kwana a gida ba. Babban ɗanta bai wuce shekara tara ba a lokacin, sai ƙanwarsa da ba a kai ga sa ta makaranta ba, sai ƙaramin da ke rarrafe. Ni ne autan Inna, Auta ake kirana har yau, yaran kuma su ce Kawu.

Kafin in taso daga Yamai na karanta abubuwa da yawa a kan abin da ke kashe irin wannan na'ura. Ban ce duka gaskiya ba ne, amma uku sun tsaya mini a rai: zafi, tsallen kuran, wato wutar lantarki, da ƙananan yara. Gidanmu kuwa yana da ukun. Saboda haka na ɗora ta can saman armuwar, kabad ɗin tufafin ɗakina, ba na sauko da ita sai na rufe ƙofa na rage murya. Na ɗauka yaran ba su sani ba. Daga baya na ji cewa sukan kwanta a bakin ƙofar su leƙa ta ƙasa.

A farkon bazara babban ya faɗo daga katangar maƙwabta, ya hau kama tattabara. Yaron nan ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune ba, lomar ƙarshe a bakin ƙofa yake haɗiye ta. Muka kai shi gidan likita a motar wani maƙwabci, aka yi masa rediyo, likita ya ɗaga hoton ƙashin a taga ya nuna mana. Ƙashin ƙwauri ne ya karye, can ƙasa kusa da idon sawu, wurin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo. Aka naɗa masa platir fari tun daga ƙasan gwiwa har tafin ƙafa, yatsu kaɗai a waje.

Likita ya dubi Yaya ya ce, "Abu biyu. Kada ruwa ya taɓa platir ɗin, kuma surtout, musamman dai, kada ya taka. In ya taka kafin ƙashin ya haɗe, ƙafar tana iya karkacewa, haka kuma zai girma da ita."

Na yi ta tambaya, har yaushe, in ya taka sau ɗaya fa, in da dunduniya ce kaɗai fa, sai da Yaya ta mintsine ni a hannu. Abin da na fahimta shi ne za a fi wata ana wannan kwanciya.

Aka shimfiɗa masa katifa a falon Inna, aka ɗora ƙafar a kan matashi. Ba a yi kwanaki ba Yaya ta same shi a zaure, yana dafe da bango yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, wai yana so ya ga ko tattabarar ta dawo. Ta yi masa faɗa ta mai da shi. Washegari da ta ɗaga ƙafar za ta gyara matashi, sai ta ga dunduniyar platir ɗin ta yi ja da ƙasa. Ta zo ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, ka sauko da abin nan naka na saman armuwar."

"Wane abu, Yaya?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Duk gidan nan an san da shi, har mai rarrafe."

Na fara bayani. Na ce ba wai na hana ba ne, amma abin ba ya son zafi, ba ya son a ja wayarsa, kuma in ya lalace ban tabbata akwai mai gyara shi a garin nan ba. Ta bar ni na gama.

"Ita ma ƙafar ba ta son a taka ta," in ji ta. "In kuma ta karkace, ban san mai gyara ta ba."

Da yamma na sauko da ita.

Muka yi yarjejeniya da yaron. Na samo alli na goge dunduniyar platir ɗin har ta koma fara fat. Na ce kullum bayan magariba zan ɗaga ƙafar in duba, ranar da na ga ƙasa a jikinta konsol ta koma saman armuwar. Ya ce ya yarda, idonsa a kan jakar. Na kuma kafa dokoki, ina jin sun yi yawa: a wanke hannu kafin a taɓa manet, ba a ci ba a sha kusa da ita, ba mai saka faifai sai ni, in kuran ya tafi a zare waya nan take kafin ya dawo. Na ciro regilatar da ke jikin firijin Yaya, wanda ke daidaita ƙarfin kuran, na haɗa mata. Yaya ta harare ni amma ba ta hana ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne dubiya. Mara lafiya a unguwarmu ba ya zama shi kaɗai. Da farko mata ne ke shigowa da kwanon fura ko dabino, su yi sannu su fita. Da labarin konsol ya kai makaranta, sai ga duk yaran layinmu da na bayansa sun tuna cewa suna da aboki a kwance. Su yi sallama da ladabi, su durƙusa wa Inna, su ce "ya jiki," idanunsu na kan tele. Takalma su cika bakin falo. Ba a korar mai dubiya, don haka ban kori kowa ba. Dokar wanke hannu ba ta ga ƙarshen makon ba.

Amma yaron ya kwanta. Wannan kam na tabbata. Duk abin da yake fita nema a waje ya biyo shi har katifa, kuma shi ke raba layi, shi ke cewa wane ya karɓi manet, wane ya jira. Kullum bayan magariba in ɗaga ƙafar, dunduniya fara. Inna takan zauna a gefe da carbinta tana tsokanarsa irin ta kaka da jika.

"Maigida, ka dai kwanta. Ni ba zan zauna da miji mai karkatacciyar ƙafa ba, sai in koma gidanmu."

"Ki tafi mana, tsohuwa. Wa zai ɗauke ki ba haƙora?"

A makonnin nan na ga abin da na'urar ke iya ɗauka, kuma ya fi abin da na zata. Manet ta sha faɗuwa a kan siminti ba ta fashe ba. Mai rarrafe ya tauna wayarta har sai da na naɗe wurin da leda mai manne. Maɓallan suka yi danƙo da dabino, na zauna da tsinken sakace ina ƙwaƙulewa. Sau da yawa kuran ya yanke ana tsakiyar wasa ya dawo da ƙarfi, ban san ko regilatar ne ya tsare ta ko ita ce mai taurin rai ba.

Wata rana na zo saka faifai ya ƙi shiga. Na haska ramin da waya, na ga wani abu fari-fari a ciki. Ƙanwar yaron ce ta ba da amsa ba tare da an matsa mata ba. Ta lura cewa konsol tana jan faifai da kanta ta haɗiye, sai ta ce a ranta abin nan kullum abu ɗaya yake ci. Ta ɓalli cuku, busasshen nan mai faɗi da ake sha da shayi, ta zura mata.

"Ta ci rabi, Kawu, sai ta ƙoshi."

Na kwashe yammacin ina zaro gutsattsarin cuku da hantsakin Yaya. Da na gama na saka faifai, ta yi gurnani kaɗan ta karɓa. Tun daga ranar takan yi wannan gurnanin, amma ba ta taɓa ƙin faifai ba.

Zafi ne ya fara cin ta. Da bazara ta yi nisa, tun hantsi ƙaramar fankar da ke cikinta ke fara kuka, kafin azahar kukan ya rufe muryar tele, sai ta kashe kanta ana cikin wasa. In ka taɓa bayanta kamar murfin tukunya. Na ɗora ta a kan tubali biyu don iska ta bi ta ƙasa, na juya mata fankar falo, mu mutane muna fifita da kwali. Na kuma yanke cewa za ta huta daga azahar zuwa la'asar. Wannan lokacin kuwa shi ne mafi wuya ga yaron. Abokai sun tafi gida, gumi ya taru cikin platir, ƙaiƙayi ya tashi, ya yi ta zura tsinken tsintsiya yana sosawa yana juyi a kan katifa. Nakan ga yana kallon ƙofa.

Inna ta kawo shawara a jiƙa zane a lulluɓa masa a kan platir ɗin ya sha sanyi. Na ce a'a da ƙarfi, wataƙila fiye da yadda ya kamata a yi wa uwa magana. Na maimaita abin da likita ya ce.

"To ita wannan mai kukan fa, mi ke damunta?"

"Zafi ne, Inna. In ta yi zafi sai ta tsaya. Da za ta samu sanyi da ta yi ta aiki har yamma."

Ta gyaɗa kai. Ban ga wani abu a maganar tawa ba a lokacin.

A gidanmu duk bidon ruwa, wato jarka, yana da riga. Buhun algarara ake yankawa a ɗinke shi a jikin bido, a jiƙa, a rataye a inuwar bishiya inda iska ke wucewa, kafin an jima ruwan ya yi sanyi har ya kama haƙori. Haka mijin Yaya ke rataye nasa a gefen mota ya ratsa hamadar Tenere da su. Inna ce ke ɗinka wa kusan duk layinmu, da babbar allura da zaren buhu, kuma ɗinkinta ba ya kwancewa. A saninta, kuma ba ta yi kuskure ba, duk abin da zafi ya dama buhu da ruwa ne maganinsa.

Ranar da abin ya faru na fita tun da safe kai dosiye, takardun neman aiki, wani biro na gwamnati, layi ya riƙe ni har bayan azahar. Da na shigo gida na ji shiru, ba kukan fanka, ba ihun ƙwallo. Na leƙa falo. A kan tubalan nan biyu na ga wani abu mai kama da ƙaramin bido a kwance, sanye da buhu jiƙaƙƙe sharaf, ruwa yana ɗiga ta ƙasansa. An ɗinke shi tsaf a jikinta, an bar ƙofa ɗaya ta wayoyi a baya, wata siririya a gaba ta faifai, har da kalmasa a bakin. Duk ƙananan ramukan da take shaƙar iska ta cikinsu an rufe su. Ƙanwar yaron tana tsugune a gefe da buta, ita aka ɗora wa aikin yayyafi. Wayar tana jikin kuran.

Na tsallaka na zare ta daga bango kafin in yi sallama.

"Da farko ta ji daɗi," in ji Inna daga kan tabarmarta. "Kukan nan nata ya ragu. Har azahar ta wuce suna wasa. Sai kuma ta yi tsit."

"Ta yi wari? Kun ga hayaƙi?"

"Ba hayaƙi. Ta dai yi barci."

"Na danna mata ta ƙi tashi, Kawu," in ji yaron. "Na ce wa tsohuwa kada a sa ruwa da yawa."

"Kai ka ce a ƙara, maƙaryaci," in ji ƙanwarsa.

Na nemi wuƙa zan farke ɗinkin, Inna ta karɓe ta, ta kama bakin zare ɗaya ta ja, rigar ta buɗe gaba ɗaya ba a yanka ko'ina ba. Na karkata konsol ɗin, ruwa ya zubo ta ramukan baya, ba mai yawa ba, amma ya zubo. Na so in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Inna ta ninke buhun a kan cinyarta tana shafa shi.

"Auta, na kashe ta ne?"

"Ban sani ba tukuna, Inna. Mai yiwuwa a'a."

Abin da na sani, ko na ɗauka na sani, shi ne ruwa shi kaɗai ba lalle ya kashe na'ura ba, ruwa da kuran tare ne ke ƙone ta. In akwai sauran rai a cikinta, to kada a sake haɗa ta sai ta bushe har ciki. Na samo turnabis na kwance ƙusoshi na cire murfin sama kawai, ban yi gigin shiga cikinta ba. Na goge inda hannuna ya kai. Da na waiwaya sai na ga yaron ya zame daga katifa har ƙafar ta sauka daga matashi, yana miƙa wuya ya gani. Yaya ma ta gani daga bakin ƙofa. Muka haɗa ido da ita. Sauran lokacin da likita ya ɗiba yana da yawa, kuma abin da ke riƙe yaron a kwance ga shi nan a buɗe a hannuna.

Da niyyata in kai ta ɗakina in kulle. Ban san abin da ya sa na fasa ba, wataƙila don na san ɗakin nawa ma ba ya hana yara. Na shimfiɗa zane a gefen katifarsa, wajen bango, na kifa ta a kai inda iskar fanka ke isa. Na naɗe wayar kuran na ba shi.

"Ka ji da kyau. In aka haɗa ta kafin ta bushe, ta mutu ke nan, ba gyara. Abokanka za su ce a gwada sau ɗaya kawai. Yaya ma tana iya cewa a gwada. Ni ba kullum nake gida ba. Wa zai tsare ta?"

"Ni."

"In ka tashi ka je zaure fa?"

Ya ɗaga bayansa ya tura wayar ƙarƙashinsa ya kwanta a kai.

Masu dubiya suka ragu, kamar yadda na zata, amma ba su ƙare ba. Waɗanda suka zo kuwa duk magana ɗaya suke kawowa, a gwada. Nakan ji shi daga ɗakina yana kora musu bayani da muryar manya, cewa daga waje ne ta bushe, ciki da saura, in aka yi gaggawa an yi asarar duka. Wani babba a cikinsu ya ce ai wayar rediyon gidansu za ta shiga, bari ya ɗauko. Yaron ya ce in ya shigo da ita zai kira Inna ta kore shi da muciya. Ko bayan gida, da ake ɗaukarsa a kai shi, sai ya sa Inna ta zauna a wurin kafin ya yarda a ɗaga shi.

"Dubi maigida da amaryarsa," in ji Inna. "Ita a kife, shi a miƙe, kowa na jinya. Ni an mai da ni mai gadi."

"Ke kika jiƙa ta ai."

"Na jiƙa. Kai ma da Auta bai hana ba da na jiƙa ka."

Kullum yana tambayata ko ta bushe. A iskar Agadas ta bazara wanki ba ya kai awa a kan igiya, kuma ina jin cikin kwana biyu ko uku ta riga ta bushe ƙarau. Amma ban tabbata ba, kuma ina tsoron ranar gwaji, don in ta ƙi tashi ba ni da wata dabara a bayanta. Sai in ɗauke ta in sansana, in girgiza kusa da kunne, in ce a ƙara mata kaɗan. Da gaske nake tsoron, ba wayo nake yi masa ba, ko da yake jinkirin ya yi mana amfani.

Cikin kwanakin nan ne na dawo daga masallaci da la'asar na jiyo ihunsa tun daga zaure. Yaya ta tafi kasuwa da ƙanwarsa, Inna ta tayar da salla a ɗakinta. Mai rarrafe ya shiga falo ya ja manet ɗaya ta waya, ya fita da ita tsakar gida, ya nufi randa. A ƙarƙashin randar akwai kaskon da ke tarar ɗigon ruwa. Daga kan katifa ana hango wurin sarai, bai fi a yi tsalle kaɗan a kai ba. Na shigo daidai lokacin da ƙaramin ya tsoma manet ɗin cikin kasko yana bubbuga ruwan da ita yana dariya.

Babban yana zaune a kan katifa, ya damƙe gefenta da hannu biyu, hawaye da majina sun haɗe masa, yana zagin ƙanensa da duk zagin da ya sani. Ya jefa matashin kansa, ya jefa takalmin wani, duk sun faɗi a rabin hanya. Ƙafar tana kan matashinta. Na ciro manet ɗin na yarfe, na ɗauki ƙaramin na miƙa wa Inna da ta sallame a gurguje. Sannan na durƙusa na ɗaga ƙafar, ban jira magariba ba. Allin yana nan fari.

"Da na tashi da na kama shi," ya ce yana shessheƙa.

"Na sani."

"Ita ma sai ta bushe?"

"Ita ma."

Muka kifa ta kusa da uwarta.

Ranar da na yarda a gwada, na zaɓi sassafe kafin gari ya yi zafi. Na mai da murfin, na ɗora ta a kan tubalanta, na karɓi wayar daga ƙarƙashin bayansa, ta yi ɗumi ta lanƙwashe. Inna ta fito da carbinta ta tsaya, Yaya ta bar wanke-wanke. Na haɗa, na yi bisimilla, na ce shi ya danna. Na miƙa masa ita har katifa iyakar tsawon waya. Ta yi ƙara ɗaya siririya, fitilarta ta kama, fanka ta juya, tele ta kawo hoto. Inna ta ce alhamdu lillahi ta koma ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Manet ɗin da ta sha ruwan kasko ta tashi ita ma, sai dai ta samu hali: ɗan wasanka yakan yi ta gangarawa hagu ko ba ka taɓa kome ba. Yaran suka mai da ita ta baƙo. Hutun azahar zuwa la'asar ya dawo, kuma yanzu yaron da kansa ke kashe ta in ya ji kukan fankar ya canja.

Mutane sukan tambaye ni, da yake an san ni da abin, wace iri ce ke jure gidan yara. Ba ni da ilimin da zan kwatanta wannan da waccan, guda ɗaya na taɓa mallaka. Abin da nake iya faɗa shi ne tawa ta ɗauki faɗuwa da cizo da dabino da cuku, kuma har yau tana aiki. Nakan ce a ɗaga ta daga ƙasa, a bar mata ramukan iskarta a buɗe, a sa mata regilatar, a kashe ta da tsakar rana. In akwai tsohuwa mai ɗinki a gidan, a yi mata bayani dalla-dalla, fiye da wanda na yi. Rigar buhun tana nan, ba ta shiga kowane bido ba. Inna ta wanke ta ta shanya, ita ake lulluɓa wa konsol ɗin a bushe bayan an kashe ta ta huce.

Da lokaci ya cika muka koma gidan likita. Aka yanke platir ɗin, ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari tana saɓa, ga guntayen tsinken tsintsiya manne a jiki. Aka sake rediyo. Likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo, ni kuma ina kallon fuskarsa. Ya ce ƙashin ya haɗe a miƙe. Na tambaya ko ya tabbata, ya ce in zo in duba da kaina, ya bi layin ƙashin da bayan alƙalami.

Yaron ya yi kwanaki yana takawa a hankali yana dafa bango, sannan ya bar bangon, sannan aka daina ganinsa a falo sai yunwa ta koro shi. Ni dai hankalina bai gama kwanciya ba. Yaya takan share tsakar gida da safe ta bar rairayin lumui, shi ne kuma farkon mai ratsawa a guje zuwa zaure. Na daɗe, har bayan damina, ina fitowa bayansa in tsaya in dubi sawunsa a kan rairayin, na dama da na hagu. Duka biyun gaba suke kallo, zurfinsu ɗaya.